Itace, Filas da Tukunyar Ma'aikata: Yadda Sinawa Suka Koma Shan Tafasasshen Ruwa

A jirgin ƙasa mai dogon zango a ƙasar Sin, kowane tarago yana da famfon ruwan zafi a ƙarshensa, kyauta, dare da rana. Haka filayen jiragen sama, asibitoci, jami'o'i da ofisoshi. A gidan abinci kuwa, ko ana zabga zafin bazara, abin da za a fara dire maka shi ne ruwan ɗumi ko shayi mara ƙarfi. Mai son ruwan sanyi sai ya buɗe baki ya nema. In ka tambayi dalili, yawanci za a ce maka al'ada ce ta shekaru dubbai da ta samo asali daga likitancin gargajiya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ta cika ba. Sanin amfanin tafasa ruwa tsoho ne ƙwarai a ƙasar. Samun halin tafasa shi kullum ga talaka da mai kuɗi, na birni da na ƙauye, wannan kuwa bai kai shekara ɗari ba. Abin da ya shiga tsakanin sani da iyawa shi ne makamashi.

Abin da tsofaffin littattafai suka ce

A littafin malamin falsafa Mengzi, na wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, wani almajiri mai suna Gongduzi yana tsakiyar muhawara ya buga misali da cewa da hunturu ana shan ruwan zafi, da bazara kuma ana shan ruwa haka nan. Bai faɗi wannan a matsayin shawarar lafiya ba, ya kawo shi ne a matsayin abin da kowa ya sani. Ke nan a wancan zamani ruwan zafi na lokacin sanyi ne, don ɗumama jiki, idan gari ya yi zafi kuma a koma wa ɗanyen ruwa.

Shayi ne ya mayar da tafasa ruwa wani fanni mai ƙa'ida. A zamanin daular Tang, wajen shekarar 760, Lu Yu ya rubuta littafinsa na shayi, inda ya jera ruwa daraja-daraja: na maɓuɓɓugar dutse a sama, na kogi a tsakiya, na rijiya a ƙasa. Ya kuma raba tafasa gida uku, kuma har yau masu shayi suna aiki da rabon nasa. Tafasa ta farko ita ce lokacin da 'yan ƙananan kumfa kamar idon kifi suka fara tasowa da 'yar ƙara. Ta biyu ita ce lokacin da kumfan suka jeru a gefen tukunya kamar an tsire duwatsun wuya. Ta uku kuma ruwan yana tumbatsa yana juyawa gaba ɗaya. Idan ya wuce nan, a cewarsa, ruwan ya tsufa. Lu Yu ɗanɗano yake nema, bai san ƙwayar cuta ba. Amma mutumin da ya saba jiran tafasa ta uku kafin ya sha, ya kashe ƙwayar cutar ko ya sani ko bai sani ba.

Shaidar da ta fi burge ni ita ce ta Zhuang Chuo, marubucin ƙarni na 12 a daular Song. Ya lura cewa mutanen arewa maso yamma suna shan ruwan sanyi ba abin da yake samunsu, amma a kudu maso gabas ko talaka yana kan hanya sai ya nemi dafaffen ruwa. Wannan yana nuna cewa al'adar ba ta game ƙasar ba, ta yanki ce, kuma ta fi ƙarfi a inda ruwa ya fi haɗari. Kudu maso gabas ƙasar fadamun shinkafa ce da hanyoyin ruwa da aka haƙa. A wancan zamani manoma suna takin gona da bayan gidan ɗan Adam, ana wanke bokitin bayan gida a magudanar da ake wankin kayan lambu, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ƙazanta ba ta wahalar shiga rijiya. A irin wannan wuri ba sai likita ya gaya wa mutum ba, cikinsa ne zai koya masa.

Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa na magunguna a 1578 aka buga shi a 1596, ya ware wa ruwa sashe guda. A ciki ya kawo cewa ruwan zafi mai kyau shi ne wanda ya tafasa sosai, wanda ya tsaya rabi da rabi kuwa yana kumbura ciki. Ya kuma ce rijiyoyin birni da ke kusa da kwatami sai an tafasa ruwansu, a bar shi ya kwanta, sannan a yi amfani da shi. Bayanin da likitocin gargajiya suke bayarwa shi ne tumbi da saifa ba sa son sanyi, sanyi yana kashe "wutar" narkar da abinci. Daga nan aka samo hana mai jego shan ruwan sanyi har tsawon wata guda, da shawarar nan da Sinawa suke bai wa kowane mara lafiya, tun daga mai mura har mai ciwon mara: sha ruwan zafi da yawa. Bayanin bai yi daidai da ilimin jikin ɗan Adam na yau ba, amma aikin da ya haifar ya ceci rayuka.

Ruwan kogi mai laka kuma yana da nasa magani kafin a kai shi wuta. Ana zuba alam a cikin gora mai 'yan huje-huje, a juya ta cikin randa na ɗan lokaci, sai lakar ta dunƙule ta kwanta a ƙasa. Turawan Ingila da suka je da tawagar jakadansu Macartney a 1793 sun ga ana yin haka sun rubuta. Alam yana sa ruwa ya yi garau, yana kuma rage ƙwayoyin cuta tunda wasu suna bin lakar ƙasa, amma ba ya gamawa da su. Mutane da yawa sun sha ruwa mai haske sun kwanta.

Lissafin itace

Sinawa suna da jerin abubuwa bakwai da suke cewa sai da su ake buɗe ƙofar gida da safe: itace, shinkafa, mai, gishiri, miyar waken soya, ruwan khal, shayi. Itace ne a farko, gaban shinkafa ma.

A yi lissafi a ga dalili. Kai lita ɗaya ta ruwa daga digiri 20 zuwa 100 yana cin wajen kilojul 335 na zafi. Busasshen itace kilo ɗaya yana ɗauke da kusan kilojul 15,000, amma murhun da ba a inganta ba yana iya isar da kashi ɗaya cikin goma kawai ga tukunya, saura ya bi iska. Kilo ɗaya ke nan zai tafasa lita huɗu da rabi. Gida mai mutum biyar, kowa lita biyu a rana, zai ƙone sama da kilo biyu kullum, wajen kilo 800 a shekara, don ruwan sha kaɗai, ba a yi maganar girki ba. A filayen arewacin Sin an daɗe da share dazuzzuka. Abin hura wutar manomi shi ne karan dawa, karan alkama, ganye da saiwoyin da yara suke tsintowa, kuma da su ake ɗumama gadon bulo da ake kwana a kai da hunturu, da su ake ciyar da dabba. Wanda yake wannan hali ba zai hura wuta don ruwa zalla ba. Abin da yake sha mai zafi shi ne ruwan da aka dafa gero ko taliya a ciki. In ƙishi ya kama shi a gona, ya ɗebi na rijiya ko na rafi.

A kudu an yi wata dabara: ana binne 'yar tukunyar ƙarfe a jikin murhu tsakanin manyan kaskon girki biyu, tana cin ragowar zafi. Ana samun ruwan ɗumi ba tare da ƙarin kara ko ɗaya ba. Matsalarta ita ce ruwan ciki sau da yawa ba ya kaiwa tafasa, kuma ana yi ana ƙara masa ɗanye. Ya yi wa wanke fuska da kwanuka, bai yi wa sha ba.

A Beijing ta da kuwa matsalar ta fara tun daga rijiya. Yawancin rijiyoyin birnin masu ɗaci ne saboda gishirin ƙasa, 'yan kaɗan ne masu daɗi, kuma ana sayar da ruwansu da tsada. Fadar sarki ba ta sha ko ɗaya ba, daga dutsen Yuquan da ke yammacin birni ake kawo mata nata a amalanke ta ƙofar Xizhimen. Ruwan famfo bai iso ba sai 1883 a Shanghai, da aka buɗe matatar Yangshupu, sannan Beijing ta kafa kamfaninta a 1908 ya fara bayar da ruwa a 1910. Shi ma na masu hali ne.

Murhun damisa

Birni ne ya fara gano cewa tafasa ruwa a wuri ɗaya don mutane da yawa ya fi araha nesa ba kusa ba. A Shanghai da garuruwan da ke kewaye da ita aka yi shagunan sayar da ruwan zafi da ake kira laohuzao, wato murhun damisa. Ginin bulo ne mai tsawo. Bakin zuba makamashi yana gaba, ƙananan tukwane biyu ko uku suna zaune daidai kan harshen wuta su ne ke tafasa, a bayansu kuma akwai babbar tukunya da aka ɗora wa gangar katako, sannan bututun hayaƙi a can ƙarshe. Hikimar tana wurin babbar tukunyar nan: hayaƙi da zafin da suka tsere wa ƙananan tukwane sai sun bi ta ƙarƙashinta kafin su fita, don haka ruwan da za a ɗebo a zuba a gaba ya riga ya yi ɗumi. Wuta ba ta mutuwa tun asuba har dare, bulo ba ya hucewa, ba a asarar makamashi wajen ɗumama murhu kowane lokaci kamar yadda ake yi a gida. Abin ƙonawa kuma mai arha ne: buntun shinkafa, garin katako daga wurin kafintoci, daga baya kwal.

Mai saye yana biyan kuɗi a ba shi 'yan sandunan gora masu tambarin shagon, kowace ɗaya ludayi ko buta guda. Wasu shagunan suna ajiye tebur biyu uku na shan shayi, wasu suna kewaye lungu da labule don wanka. A shekarun 1950 Shanghai tana da irin waɗannan shaguna sama da dubu biyu. Gas da lantarki suka cinye su a hankali.

Kwalara, sannan gwamnati

Kwalara ta shigo ƙasar Sin ta tashoshin jiragen ruwa a wajen 1820, ta yi ta dawowa. A 1862 ta yi ɓarna a Shanghai lokacin da birnin ya cika da 'yan gudun hijirar yaƙin basasa na Taiping. Bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1931, annobar 1932 ta kama mutum sama da 100,000 ta kashe fiye da 30,000, kuma wannan adadin da hukuma ta iya rubutawa ne kawai. A lokacin akwai likitocin Sin da suka yi karatun zamani, an san ƙwayar cutar, an san ta ruwa take bi. Maganar tafasa ruwa ta tashi daga shawarar tsofaffi ta koma umarnin hukuma.

A Fabrairun 1934 Chiang Kai-shek, jagoran ƙasar a lokacin, ya ƙaddamar da gangamin Sabuwar Rayuwa a Nanchang, kuma cikin ƙa'idojinsa na tsabta akwai kada a sha ruwan da bai tafasa ba. Umarni ne da ba a haɗa shi da ko ɗaurin kara ɗaya ba. Ya yi tasiri a barikoki, makarantu da gidajen ma'aikatan birni, ƙauye kuwa yana nan jiya i yau. Bayan shekara uku yaƙi da Japan ya ɓarke.

Wanda ya kama ƙasa shi ne gangamin kiwon lafiya na kishin ƙasa da aka fara a 1952, ana tsakiyar yaƙin Koriya. Sabuwar gwamnatin kwaminisanci ta Beijing ta zargi Amurka da watsa ƙwayoyin cuta, Amurka ta musanta, amma zargin ya sa tsabta ta zama aikin kare ƙasa. Aka cika bango da hotuna, aka sa a littattafan firamare, kwamitocin unguwa suna bi gida-gida. Bambancinsa da na 1934 shi ne wannan karon an samar da tukunyar. A wancan zamani kusan kowane mazaunin birni yana ƙarƙashin wata ma'aikata da ke ba shi aiki, gida da abinci, kuma kowace ma'aikata, makaranta, asibiti ko bariki tana da ɗakin tukunyar ruwan zafi mai aiki da kwal. Ana buɗe shi a ƙayyadaddun lokuta, safe, rana da yamma, mutane su yi layi da filas-filas. A ƙauye, daga ƙarshen shekarun 1960, ma'aikatan lafiyar da ake kira likitoci marasa takalmi suka ɗauki aikin kula da ruwa da bayan gida: a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi da guga na kowa, a nisanta masai da turken dabbobi, a gyara murhu ya rage cin kara.

Filas

Da babu filas, da layin ɗakin tukunya bai yi amfani ba. Masanin kimiyya James Dewar ne ya ƙirƙiro kwalbar a 1892 don aikin ɗakin gwaji, Jamusawa suka mayar da ita kayan kasuwa a 1904, masana'antun Shanghai kuma suka fara yin tasu a rabin farko na ƙarni na 20. Ta gida a Sin girma biyu ce ta fi yawa: mai "fam biyar" da ke cin wajen lita biyu, da mai "fam takwas" da ke cin lita uku da ɗan ɗori. Cikinta kwalba ce mai bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakani don zafi ya rasa abin da zai bi ya fita, an shafe bangon da azurfa don ya mayar da zafin ciki. Inda zafi yake samun hanya shi ne wuya da matoshi, shi ya sa babbar filas ta fi ƙarama riƙe zafi. Akwai mai rigar saƙar gora, akwai ta gwangwani mai fentin furanni, mai jan launi da rubutun farin ciki kuwa ta shiga kayan aure.

Amfaninta ya wuce ɗumi. Ta raba lokacin tafasawa da lokacin sha, wuta ɗaya ta wadatar da yini. Tana riƙe ruwa sama da digiri 60 na sa'o'i masu yawa, inda ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa. Wuyanta kuma ya yi ƙanƙanta, ba mai iya tsoma moɗa ko hannu a ciki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi yawan ruwan da aka tafasa ya sake gurɓata, a wurin ajiya ya gurɓata.

Lalacewarta ma sananniya ce. A gindin kwalbar akwai ɗan tsinin gilashi inda aka liƙe bayan zuƙe iskar. Idan ya karye iska ta koma ciki, filas ta zama kwalba kawai, kuma alamar ita ce jikinta na waje yana yin ɗumi. Da hunturu, in aka kwarara tafasasshen ruwa kai tsaye cikin kwalba mai sanyi tana iya fashewa, don haka ana fara zuba ɗan kaɗan a jujjuya a zubar. Ana barin sararin yatsa ɗaya ko biyu tsakanin ruwa da matoshi, don ruwa ya fi iska saurin kai zafi waje. Idan kuma aka tsiyayi rabi aka toshe nan take, iskar sanyi da ta shiga tana kumbura ta cillo matoshin sama.

Tukunyar ma'aikata ma tana da nata aibi. Tsohon samfuri yana da bawul mai ƙwallo da ke sako ɗanyen ruwa da zarar an ɗiba, sai ya gauraye da tafasasshe. Wanda ya zo ƙarshen layi yana samun ruwa mai zafi amma rabinsa bai taɓa tafasa ba. Na zamani suna shigar da ruwa kaɗan-kaɗan daga ƙasa, ko su raba tankin dafawa da na ajiya. Na makarantun yara suna da wata dabara mai kyau: tafasasshen ruwan da zai fita yana bi ta bututun da ɗanyen ruwa mai shigowa ya kewaye, sai ya huce zuwa ɗumin da yaro zai iya sha, mai shigowa kuma ya samu zafi kyauta. Ɗalibai masu ƙyuyar zuwa layi sun daɗe suna tsoma 'yar hita mai kamar sanda cikin filas. Ba ta kashe kanta, idan ruwa ya ƙone sai ta kama da wuta. A Nuwamban 2008 irin wannan hita ta haddasa gobara a ɗakin kwanan wata kwaleji a Shanghai, ɗalibai mata huɗu suka rasu, kuma jami'o'i sun haramta ta.

Abin da tafasawa take yi, da wanda ba ta yi

Ƙwayoyin kwalara, taifot, atuni, ciwon hanta mai bin ruwa da ƙwan tsutsar ciki duk suna mutuwa tun kafin digiri 100. Ana cewa a jira tafasa ne saboda ita ce alamar da ido yake gani ba sai da ma'auni ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ruwa ya tumbatsa yana juyawa na minti ɗaya, a wuraren da suka haura mita 2,000 kuma minti uku. Zafin tafasa yana sauka da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300, shi ya sa a birnin Lhasa na Tibet, mai tsayin mita 3,650, ruwa yake tafasa a wajen digiri 88. Ya isa kashe cuta, ko da yake bai isa dafa shinkafa da kyau ba sai da tukunyar matsi. Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta ko a tace tukuna. Na famfo mai warin kulorin, shawarar da aka saba bayarwa a Sin ita ce a buɗe murfi a bar shi ya ci gaba da tafasa minti biyu zuwa uku. A butar lantarki wannan yana nufin sai an tsaya a kanta, domin tururin da ke bi ta wani ɗan bututu ne yake lanƙwasa ƙarfen da ke kashe ta, in murfi a buɗe yake tururin ba zai bi ta can ba, ba za ta mutu ba.

Wani bincike da aka yi a gidaje 450 na ƙauyukan Guangxi, aka wallafa a 2015, ya gano cewa ruwan masu butar lantarki ya fi na masu tafasawa a buɗaɗɗiyar tukunya tsabta. Tafasar iri ɗaya ce. Bambancin shi ne buta tana da murfi da hanci, ana tafasa kaɗan a sha nan kusa, mai icce kuwa yana tafasa da yawa sau ɗaya ya ajiye ana ta ɗiba, ga hayaƙin da yake shaƙa.

Akwai abubuwan da wuta ba ta taɓawa. Sinadarai masu cutarwa irin su asenik, fuloraid, naitiret da dalma ba sa tashi da tururi, hasali ma idan ruwa ya ƙone sai su ƙara kauri. A yankin Hetao na Mongoliya ta Gida da kwarin Datong na Shanxi, mutane sun guje wa ruwan sama-sama mai ƙazanta suka haƙa rijiyoyi masu zurfi, suka faɗa ruwa mai asenik, suka yi shekaru suna tafasa shi suna sha. Maganin can shi ne sauya maɓuɓɓuga. Tsargiya ma, wadda ta addabi kwarin Yangtze, ta fata take shiga lokacin aikin fadama, tafasa ruwan sha ba ya hana ta.

Farin ƙanzon da ke taruwa a gindin buta, musamman a arewa inda ruwa yake da nauyi, sinadarin kalsiyam ne da ya fita daga ruwa saboda zafi. Ba guba ba ne. Illarsa ita ce yana hana zafi ratsawa, buta ta riƙa jinkiri tana cin wuta. Ana narkar da shi da ruwan khal ko na lemon tsami a bar shi ya jiƙa na 'yan sa'o'i. A 2024 masu bincike a Guangzhou suka nuna cewa wannan ƙanzo yana kama ɓurɓushin roba da ke cikin ruwa: a ruwa mai nauyi ya cire kusan kashi 90 cikin ɗari bayan an tace, a mara nauyi kuwa wajen kashi 25. Tsoron da ya yaɗu na ruwan da aka maimaita tafasawa ko wanda ya kwana, wai yana tara guba, an zuzuta shi. In asalin ruwan mai kyau ne, ƙarin bai kai ya kawo ba. Abin tsoro a kwanannen ruwa shi ne barinsa a buɗe.

Haɗarin da ya fi wannan tabbata shi ne zafin kansa. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙoshi, saboda ƙunar da ake maimaitawa. Kusan rabin masu wannan ciwo a duniya a ƙasar Sin suke, wurare irin su Linzhou a Henan sun yi suna a kai, ko da yake dalilan suna da yawa, ciki har da abinci. Wani babban bincike da ya bi mutum sama da 450,000 a Sin, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa masu shan shayi mai ƙuna kullum kuma suna shan giya da yawa haɗarinsu ya ninka sau biyar, waɗanda ba sa shan giya ko taba kuwa ba a ga ƙari a fili ba. Tafasawa daban, sha da ƙuna daban. Tsofaffin gidaje suna da tulun gilashi ko na tangaran mai murfi inda ake juye ruwa ya huce, a gauraya shi da na filas a samu ɗumin da ake so.

Yau matatun manyan birane suna fitar da ruwa bisa ma'aunin ƙasa, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a Afrilun 2023. Duk da haka kusan ba mai kafa baki a famfo, kuma ba taurin kai ba ne kawai. Tsakanin matata da ɗakin girki akwai tsofaffin bututu, akwai tankunan ƙarƙashin ƙasa da na saman dogayen benaye, waɗanda tsabtarsu ta dogara da mai kula da ginin. Gundumar Yantian a Shenzhen ta sanar a 2019 cewa ana iya shan ruwan famfonta kai tsaye, bayan an sauya bututu da tankuna. Matasa kuma suna shan ruwan gora mai sanyi da shayin madara mai ƙanƙara, har sai sun fara jin jiki sannan su sayi ƙaramar filas ta ƙarfe, abin da ya zama abin tsokana tsakaninsu. Kamfanoni sun karanci kasuwar: tun 2016 kamfanin Jinmailang yake tafasa ruwa a masana'anta, ya bar shi ya huce, ya ɗura a gora ya sayar, wasu manyan kamfanonin abin sha kuma suka bi sahu.